Kwamfuta ko PlayStation: Wa Ke Da Wasan Bayan Ka Biya Kuɗinsa?

A watan Mayun 2021, ana tsakiyar shari'ar da kamfanin Epic Games ya kai Apple a wata kotun tarayya da ke Oakland, jihar Kalifoniya, aka kira wata babbar jami'ar Microsoft mai suna Lori Wright ta ba da shaida. Lauya ya tambaye ta ko kamfaninsu ya taɓa cin riba a kan sayar da ita kanta na'urar Xbox. Ta ce a'a. A lokacin Xbox ta kusa cika shekara 20 a kasuwa. A ƙarshen 2022 kuma shugaban sashen wasanni na kamfanin, Phil Spencer, ya faɗi adadin da bakinsa: duk na'urar da suka sayar, gibin dala 100 zuwa 200 suke cikewa daga aljihunsu.

Ɗan kasuwa ba ya jure faɗuwar shekara 20 don neman lada. Wanda ya gane dalilin wannan faɗuwa ta ganganci ya gane rabin musun da masu buga gem suke yi dare da rana, 'yan kwamfuta a gefe, 'yan PlayStation da Xbox da Nintendo a gefe. Yawancin musun a kan kyan hoto yake tsayawa, wannan ya ce nasa ya fi fita tar, wancan ya ce nasa ba ya sarƙewa. A ganina wannan shi ne ƙaramin ɓangaren maganar. Babban shi ne, bayan ka biya kuɗin farko, a wurin wa za ka ci gaba da biya, kuma me zai rage a hannunka ranar da kamfani ya canza shawara.

Tsarin na'urar gem kamar mai gida ne ya ba ka ɗaki da araha, da sharaɗin duk cefanenka a shagonsa za ka riƙa yi. A kan PlayStation shago ɗaya ne, na Sony. A kan Xbox na Microsoft, a kan Switch na Nintendo. Duk wasan da aka sayar a shagon, da duk ƙarin kayan da aka saya a cikin wasan, mai na'ura yana cire la'adarsa, wadda a al'ada kashi 30 ce cikin 100. Wasan dala 70 ke nan, dala 21 na mai shago ne tun kafin wanda ya sha wahalar ƙirƙirar wasan ya ga ko sisi. Nintendo ya fi sauran kaffa-kaffa, bai cika yarda ya sayar da na'ura a faɗuwa ba, amma shagon nasa ma ɗaya ne.

Da can akwai hanyar kaucewa. Faifai ana sayar da shi a manyan kantuna, kantunan kuma suna gasa da juna. Har lambar sauke wasa ana iya sayenta a kanti. A watan Afrilun 2019 Sony ya hana kantuna sayar da lambobin cikakkun wasanninsa, ya zamana duk wanda ba faifai zai saya ba, dole ya zo shagon Sony ya biya abin da ya tarar a rubuce. Sai PS5 ta fito a Nuwamban 2020 iri biyu: mai cin faifai a dala 499, marar wurin faifai a dala 399. Rangwamen dala 100 ɗin nan ba kyauta ba ce, kuɗin sallama ne da kasuwar faifai baki ɗaya. PS5 Pro da ta fito a 2024 a kan dala 700 ba ta ma zo da wurin faifai ba, sai ka ƙara dala 80 ka saye shi daban. Wannan rufe hanya ita ce ta sa wata mai fafutukar kare haƙƙin masu saye a Ingila, Alex Neill, ta shigar da Sony ƙara a 2022 a madadin miliyoyin masu PlayStation, tana neman diyyar biliyoyin fam, bisa zargin cewa rashin abokin gasa ya sa ana tsawwala musu farashi. A Nuwamban 2023 kotun sauraren ƙararrakin gasar kasuwanci ta ce ƙarar ta cancanci a saurare ta. Sony ya musanta zargin.

Abu na biyu, wanda ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya, shi ne kuɗin buga wasa da wani ta intanet. Ka sayi na'ura, ka sayi wasa, ka sayi data, sannan a ce sai ka sake biyan mai na'ura kafin ka kara da abokinka da ke wani gari. Microsoft ne ya kafa wannan al'ada da Xbox Live a 2002. A zamanin PS3 Sony kyauta yake bari a buga, har yana alfahari da hakan, amma da PS4 ta fito a 2013 sai ya ɗaure abin a jikin PlayStation Plus, tsarinsa na biyan kuɗin wata ko na shekara. Nintendo ya bi sahu a 2018. A Satumban 2023 Sony ya ɗaga kuɗin shekara na matakin ƙasa daga dala 60 zuwa 80 a Amurka. Tsakanin fitowar PS4 da PS5 shekara 7 ne. Idan aka lissafa dala 80 sau 7, an samu 560, wato fiye da kuɗin da aka sayi PS5 ranar da ta fito. Gaskiya ne suna haɗa maka da wasu wasanni kowane wata, amma ranar da ka daina biya su ma sun kulle.

Hujjar da ake kawowa ita ce kula da saba, wato manyan kwamfutocin da ke haɗa masu wasa ta intanet, yana cin kuɗi. To amma wasanni da yawa sabar kamfanin da ya yi wasan suke amfani da ita, kuma wasan nan dai a kwamfuta ana buga shi ba tare da ƙarin ko kwabo ba. An ma taɓa gwada wannan haraji a kwamfuta. A 2007 Microsoft ya fito da Games for Windows Live, ya ce a riƙa biyan kusan dala 50 a shekara. 'Yan kwamfuta suka yi biris da shi, domin suna da wuraren zuwa, a 2008 ya janye kuɗin. Kamfani ɗaya ne, hidima iri ɗaya ce, a nan ta karɓu, a can ta ƙi. Bambancin kawai shi ne a wuri ɗaya mutane suna iya juya baya. Ko a kan Xbox ɗin, lokacin da Microsoft ya so ya kusan ninka kuɗin a Janairun 2021, sai da aka yi masa ca kafin ya lashe amansa cikin kwana guda, ya kuma cire sharaɗin biya a kan wasannin da dama kyauta ne irin su Fortnite.

Kada a ɗauka kasuwar kwamfuta aljanna ce. Ita ma tana da sarkinta, wato Steam, shagon wasanni na kamfanin Valve, wanda aka buɗe a 2003, ya kuma kafu sosai bayan an wajabta shi ga duk mai son buga Half-Life 2 a 2004. La'adar Valve ita ma kashi 30 ce, sai a 2018 ya sassauta wa manya: wasan da cinikinsa ya wuce dala miliyan 10, kashi 25 a kan abin da ya ɗoru, idan ya wuce miliyan 50, kashi 20. Ƙaramin mai ƙirƙira da ya fi kowa buƙatar sauƙi shi ke biyan mafi tsada. Valve ma yana gaban kotu: kamfanin Wolfire Games ya kai shi ƙara a Amurka a 2021, a Ingila kuma Vicki Shotbolt ta shigar da tata a 2024 tana neman fam miliyan 656, duk a kan zargin cewa yana hana masu wasanni su sayar da araha a wasu shaguna.

Duk da haka sarautar Valve ba irin ta Sony ba ce, domin ba shi ya ƙera kwamfutarka ba. Epic ya buɗe nasa shagon a Disamban 2018 da la'adar kashi 12, yana rabon wasanni kyauta mako-mako don ya ja jama'a. Akwai GOG na ƙasar Polan, wanda yake sayar da wasanni ba tare da kowane makulli ba: ka sauke, ka ajiye a rumbunka, ko shagon ya rushe gobe naka yana nan. Akwai kantuna irin su Humble da ke sayar da lambobin Steam a farashinsu. Hujja mafi ƙarfi ita ce ta Microsoft da kansa: a 2021 ya rage la'adarsa ta shagon kwamfuta zuwa kashi 12, ya bar ta Xbox a kan 30. Gasar nan ma tana da nata dattin. A Janairun 2019, saura kamar mako biyu Metro Exodus ya fito, Epic ya ɗauke shi daga Steam zuwa shagonsa shi kaɗai na tsawon shekara, mutanen da suka gudu daga wariyar na'urori suka tarar an biyo su da ita har gida.

Sai tsadar shiga. Kwamfutar da za ta buga sabon wasa yadda PS5 take buga shi ta fi PS5 tsada, wani lokaci nesa ba kusa ba. Tsakanin 2020 da 2022 masu haƙar kuɗin kirifto da ƙarancin kayan haɗi sun sa katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta da ke sarrafa hoton wasa, ya yi tashin gwauron zabo, ana sayar da shi ninkin farashinsa idan ma an samu. Babban katin Nvidia na 2025, RTX 5090, dala 1,999 aka sa masa, shi kaɗai, ba tare da sauran kwamfutar ba. Bayan kuɗi akwai ciwon kai. Mai PlayStation ya san duk wasan da aka rubuta PS5 a jikinsa zai tashi. Mai kwamfuta sai ya duba ko kayansa sun kai, ya sabunta wannan, ya kashe wancan, wani lokaci ya kwana yana neman dalilin da ya sa hoto yake tsayawa cak na rabin daƙiƙa duk sanda ya shiga sabon wuri. Kamfanoni da dama na'ura suke fara yi wa wasa, kwamfuta a ba ta ragowa. Batman: Arkham Knight ya fito a Yunin 2015 a lalace har sai da Warner Bros ya janye shi daga kasuwar kwamfuta na wasu watanni. The Last of Us Part I na 2023 ma da ƙyar yake motsi a makonnin farko. Ga makullan hana sata irin su Denuvo, waɗanda wanda ya biya kuɗinsa ne yake fama da su. Ga 'yan maguɗi, waɗanda sun fi yawa a kwamfuta saboda buɗaɗɗen wuri ne, har ta kai wasanni irin su Valorant suna dasa manhajar tsaro a can cikin ƙuryar Windows. Wanda ya ce shi dai yana so ya dawo daga aiki ya ɗauki hannun gem ya buga ba tare da ya zama injiniya ba, bai faɗi abin kunya ba.

Amma buɗewar da ta kawo ciwon kan ita ce take kawo magani. Lokacin da Dark Souls ya fito a kwamfuta a 2012 da hoto dishi-dishi wanda ba a iya ƙara masa ƙarfi, wani mai amfani da sunan Durante a intanet ya fitar da gyara a ranar da wasan ya fito, kyauta. A kan na'ura babu wannan. Idan kamfani bai gyara ba, haka za a zauna.

Akwai wuri ɗaya da na'ura ta yi wa kwamfuta fintinkau wajen adalci, kuma 'yan kwamfuta ba su cika son a tuna musu ba: faifai. Faifan PS4 ko PS5 kayanka ne. Kana iya ara wa ƙaninka, ka yi musaya da aboki, ka kai kasuwa ka sayar ka cika ka sayi wani. Mai kwamfuta ya rasa wannan 'yanci tun da daɗewa, ya kuma rasa shi yana murna saboda ragin farashin Steam. Wasan da ke asusunka na Steam ba ya sayuwa, ba ya kyautuwa bayan ka buɗe shi, kuma bisa sharuɗɗan Valve asusun kansa ba a miƙa shi ga wani, har da magada. Ƙungiyar masu saye ta Faransa, UFC-Que Choisir, ta kai maganar kotu, a 2019 wata kotun Paris ta ce mutum yana da ikon sayar da wasan da ya saya ta intanet, amma kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2022, kotun ƙoli ta ƙasar ta tabbatar da rushewar a 2024.

'Yan na'ura sun taɓa kare faifansu da ƙarfi. A 2013 Microsoft ya sanar cewa Xbox One sai ta leƙa intanet sau ɗaya a kowane sa'o'i 24, kuma za a taƙaita ara da sayar da faifai. Sony ya fitar da wani ɗan gajeren bidiyo na tsokana, wai darasin yadda ake ara wa aboki wasa a PS4: wani jami'i ya miƙa wa wani faifai, shi ke nan. Kafin watan Yuni ya ƙare Microsoft ya janye komai, amma tabon ya bi Xbox One har ƙarshen zamaninta. Abin da aka kasa yi da ƙarfi a 2013, yanzu ana yinsa da lallami. Faifai da yawa ba cikakken wasan ne a ciki ba, sai an sauke ragowar. Switch 2 da ta fito a Yunin 2025 ta zo da wani irin kati da babu wasa a cikinsa sam, izinin saukewa ne kawai. Ana iya sayar da katin, wannan gaskiya ne, amma amfaninsa yana rataye da ranar da Nintendo zai rufe sabar. A daidai wannan lokaci farashin wasa yana hawa: dala 60 ta zama 70 a 2020, Mario Kart World ya buɗe 80.

Idan wasa ya fito a lalace, ko ka ga ba shi ka zata ba, nan ma hanyoyi sun rabu. A Steam, idan ba ka wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba ka buga sama da sa'a 2 ba, sai ka shiga shafin taimako, ka zaɓi wasan, ka danna neman kuɗinka, yawanci ba wanda zai ja da kai. GOG kwana 30 yake bayarwa. A shagon PlayStation ma kwana 14 ne, amma da zarar ka fara saukewa ka rasa damar, sai fa idan kayan na da aibi. Wato kana da ikon mayar da wasan muddin ba ka gan shi ba. Nintendo a ƙa'idarsa ba ya mayarwa.

Masu yabon Valve su dakata tukuna. Shekara fiye da 10 Steam ya yi ba shi da wannan tsari. Hukumar kare masu saye ta Ostireliya ce ta maka shi a kotu a 2014, tsarin mayar da kuɗi ya fito a Yunin 2015, a 2016 kotu ta ci shi tarar dalar Ostireliya miliyan 3 saboda ya gaya wa mutane ba su da haƙƙin da dokar ƙasarsu ta ba su. Hukumar dai ita ce ta kai reshen Sony na Turai, aka ci shi miliyan 3.5 a 2020 a kan laifi irin wannan. Cyberpunk 2077 ya nuna inda tsarin Sony yake yoyo: wasan ya fito ranar 10 ga Disamba 2020, a kan PS4 kusan ba ya buguwa, mutane suka yi ta neman kuɗinsu ana hana su, sai da surutu ya yi yawa Sony ya yarda ya biya kowa, ya kuma cire wasan daga shagonsa wata 6. Idan aka bi tarihin kowane sauƙi da mai saye yake morewa a wannan harka, ko dai kotu za a tarar a bayansa, ko hayaniyar da ta fara taɓa ciniki.

Inda gizo ke saƙar shi ne wasannin da ba sa tashi sai sun gaisa da sabar kamfani. The Crew wasan tseren mota ne na kamfanin Ubisoft na Faransa, ya fito a 2014. Ko kai kaɗai za ka yi tuƙinka, sai da intanet. A Disamban 2023 aka daina sayar da shi, ranar 31 ga Maris 2024 aka kashe sabar, wasan ya mutu a hannun kowa. Mai kwamfuta da mai PS4 da mai Xbox duk kanwar ja ce. Wanda ya sayi faifai, faifan yana nan a kwalinsa ba ko ƙwarzane, ya saka shi a na'ura, ya ga hoton farko, daga nan ba gaba. Bayan 'yan kwanaki masu kwamfuta suka ga an ma zare lasisin daga asusunsu. Da aka kai Ubisoft ƙara a Kalifoniya, amsarsa ita ce tun farko ba mallaka aka sayar wa kowa ba, izinin amfani ne mai iyaka. A takarda yana da gaskiya, haka sharuɗɗan suke, kuma haka na Steam da na Sony da na kowa suke. Sai dai wannan takarda babu mai karanta ta, maɓallin da mutum ya danna kuwa saye aka rubuta a kansa, kuɗin da ya biya ma na saye ne.

Daga nan wani mai tashar YouTube, Ross Scott, ya fara gangamin Stop Killing Games a Afrilun 2024. Buƙatarsu ba ta da yawa. Ba su ce kamfani ya riƙe saba har abada ba, cewa suka yi idan zai tafi ya bar wasan a yanayin da zai iya tashi, ko ya cire sharaɗin intanet, ko ya bar mutane su kafa tasu sabar. Takardar koken da aka buɗe a Tarayyar Turai ta wuce sa hannu miliyan 1 a Yulin 2025, adadin da yake wajabta wa hukumar tarayyar ta duba ta ba da amsa, ko da yake bai wajabta mata yin doka ba. Majalisar dokokin Birtaniya ta yi muhawara a kan irin wannan koke a Nuwamban 2025. Ƙungiyar kamfanonin wasanni ta Turai ta ce abin zai yi tsada ƙwarai, kuma sabar da ba ta hannun kamfani tana da haɗari ga bayanan mutane. Akwai ƙamshin gaskiya a batun tsoffin wasannin da aka gina a kan lasisin motoci da kiɗa na wasu, amma ga wasan da ba a fara ginawa ba, shiri ne kawai tun daga tushe. Ubisoft da kansa ya ƙara wa The Crew 2 hanyar bugawa ba intanet bayan ya sha suka. Kalifoniya kuwa ta yi doka a 2024 da ta hana shaguna rubuta saye a kan kayan intanet sai sun bayyana cewa lasisi ne, Steam ya fara nuna gargaɗin tun kafin dokar ta fara aiki. Dokar ba ta ba kowa mallaka ba, ta dai sa a faɗa masa gaskiya kafin ya biya.

The Crew na farko ya dawo da rai a 2025, amma ba ta hannun Ubisoft ba. Wasu masoyansa ne suka zauna suka ƙirƙiri abin da yake kwaikwayon sabar, kuma a kwamfuta kaɗai yake aiki. Ga ni, wannan shi ne ainihin fifikon kwamfuta, ba kyan hoto ba. A doka mai kwamfuta bai fi mai PlayStation mallaka ba, amma idan aka rufe masa ƙofa yana iya fasa taga. Haka batun tsoffin wasanni yake. Nintendo ya rufe shagon 3DS da Wii U a Maris 2023, Microsoft ya rufe na Xbox 360 a Yulin 2024, Sony ya so rufe na PS3 da Vita a 2021 aka taso shi ya fasa. Wani bincike na gidauniyar Video Game History Foundation a 2023 ya gano kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa a lokacin. Wasan kwamfuta na 1998 kuwa, da ɗan dabara, yakan tashi a kwamfutar yau.

Akwai cutar da ba ruwanta da abin da kake bugawa a kai. Akwatunan sa'a, irin fakitin 'yan ƙwallo da ake saye a FIFA, wanda yanzu ake kira EA Sports FC, ba tare da ka san wa zai fito ba, Beljiyam ta ce caca ce tun 2018, EA ya daina sayar da makin sayensu a ƙasar a farkon 2019. A Disamban 2022 Epic, wanda yake ikirarin yi wa masu saye yaƙi da la'adar kashi 30, ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka, miliyan 245 daga ciki don mayar wa mutanen da aka tsara maɓallan Fortnite yadda za su sayi abu ba da niyya ba.

Duk waɗannan kotuna da hukumomi na Ostireliya ne, da Turai, da Amurka. A watan Mayun 2024 aka ga matsayin sauran duniya. Helldivers 2 wasan Sony ne da ya yi kasuwa sosai a Steam. Wata uku da fitowarsa Sony ya ce dole kowane mai bugawa a kwamfuta ya haɗa da asusun PlayStation Network. Matsalar ita ce wannan hidima ƙasashe kusan 70 kawai take aiki a hukumance, an kuwa riga an sayar da wasan a ƙasashen da ba ta kai ba. Cikin 'yan kwanaki aka cire wasan daga Steam a ƙasashe da yankuna fiye da 170, mafi yawan Afirka a ciki. Dubban ɗaruruwan mutane suka yi wa wasan ruwan munanan sharhi, Valve ya riƙa mayar da kuɗi har ga waɗanda suka wuce sa'a 2, Sony ya janye sharaɗin a ƙasa da mako guda.

Najeriya da Nijar da Gana ba sa cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa idan za a buɗe asusun PlayStation, alhali da wuya ka zaga unguwa a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ba ka ga gidan gem ba: benci biyu, talabijin uku ko huɗu a jikin bango, janareta na ruri a waje, yara na jiran wanda za a ci ya tashi. Mai gidan, da duk wanda ya sayi tasa na'urar, Amurka ko Ingila yake zaɓa, ya nemo adireshin wani wuri da bai taɓa takawa ba ya cike, sannan ya sayi katin kuɗi na dala ko fam a wurin 'yan kasuwa, da ribarsu a kai, a farashin canjin ranar. Ƙasar da ka zaɓa ba ta canzuwa bayan an buɗe asusu. Sharuɗɗan Sony sun ce a ba da bayanan gaskiya, sun kuma ba kamfanin ikon rufe asusun da ya saɓa, rufewar kuwa tana tafiya da duk wasannin da ke ciki. Shi ya sa faifai na hannu yake da daraja a nan fiye da yadda Bature zai gane: ba ya buƙatar adireshi, ana cinikinsa da naira, kuma yana rage saukar gigabait 100 a kan datar da ake saye da awo. Na'ura marar wurin faifai da ake tallatawa a matsayin mai araha, a nan ita ce mai tsada. Steam yana karɓar ɗan Najeriya da sunan ƙasarsa, amma da dala zai biya, ga tsadar kwamfutar, ga wutar da take sha.

Ƙarar da Alex Neill ta shigar, mazauna Birtaniya kaɗai ta shafa. Koken Turai, 'yan ƙasashen tarayyar kaɗai ke da ikon sa hannu. Saurayin da ya buɗe asusunsa da adireshin Landan daga Sabon Gari ya biya farashin fam ɗin da ake ƙarar a kansa, har da ƙarin ribar mai kati, amma idan kotu ta ce a raba diyya babu sunansa a ciki.